Tayil shida da na fasa saboda kwana biyu

Har yau in na shiga banɗakin nan, idona kan tayil shida yake fara sauka, waɗanda launinsu ya ɗan fi na sauran duhu. Baƙo ba zai lura ba, amma ni sai na gani.

Gidan tsoho ne, bututun ruwan da ke cikin bangonsa na ƙarfe ne. Da muka fara gyara, mai aikin famfo ya sauya na kicin da na banɗaki zuwa na roba, ya bar guntun ƙarfe guda a bangon da ya raba banɗaki da falo, ya haɗa sabo da tsoho. Ya ce, "Maigida, a saki ruwa a bar shi kwana biyu kafin a rufe bangon nan." Ga mai tayil kuma tsaye da kayan aikinsa, wai in ba a fara yau ba wani aikin zai tafi. Na ce a rufe. Da bakina na faɗa, ba wanda ya tilasta ni.

Rufi da silin da wayarin duk sun tafi lafiya, ba abin faɗa.

Wata biyu da dawowarmu, fentin falo ya fara kumbura daga ƙasa kamar ƙurji. Na sa farce ya ɓare, wani farin gari ya biyo baya. Mai fenti ya ɗora laifin kan mai filasta, ni kuma na ba da kuɗi aka kankare aka sake shafawa. Wannan ma wauta ce, don fenti ba ya maganin danshi. Ko sati uku bai yi ba ya sake tashi.

Sai wani dare na rufe duk famfunan gidan, na yi wa tanki alama daidai inda ruwa ya tsaya. Da safe ya sauka. Shi bututun ƙarfe daga ciki tsatsa ke cin sa, a waje ka gan shi garau. Namu a bakin haɗin ya ci, yana ɗiga a hankali, bulo yana sha, danshin ya ɓulla ta ɗaya gefen.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ban ɗauki hoton bangon ba kafin a yi filasta. Da waya a aljihuna! Ba wanda ya tuna ainihin inda bututun ya bi, haka aka yi ta lalube da guduma, tayil biyu da ya kamata a fasa suka zama shida. Ga shi na sayo su cif-cif, ban ƙara ko kashi 10 cikin 100 da ake cewa a ajiye ba. Na samo irinsu, amma lambar da ke jikin kwalin ta bambanta, wato ba lokaci ɗaya aka gasa su a masana'anta ba, launin bai zo ɗaya ba. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Wannan karon an cire ƙarfen gaba ɗaya, na ɗauki hoto ta kowace kusurwa, filastar falo kuma sai da ta yi sati huɗu tana bushewa kafin fenti ya taɓa ta. Mai famfon bai ce mini komai ba. Da ya gama haɗawa ya saki ruwa, ya ɗaga mini yatsu biyu. Na ce a bar shi kwana huɗu.