Bais ɗin ma sai an ɗaure shi

Duk mai walda ya san ba a riƙe ƙarfe da hannu a ƙarƙashin injin huji na tsaye. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, matse aiki a bais, wato ƙarfen nan mai muƙamuƙi biyu da ke riƙe abin da ake hudawa, bai wadatar ba idan shi bais ɗin a ajiye kawai yake a kan tebur.

Farantan hinjin get nake hudawa, kaurin milimita 3, da bakin huji na milimita 12. Na matse tam. Ashe wani yaron shago ya kwance notikan da ke riƙe bais ɗin da teburin, ya kai wani aiki, bai mayar ba, bai kuma faɗa ba. Har tsakiyar huji lafiya lau. Daidai lokacin da bakin zai ɓullo ta ƙasa ya cije farantin, ya ɗaga shi tare da bais ɗin, ya wulwula. Hannun bais ya doke ni a wuyan hannu, bakin hujin ya karye, guntunsa ya wuce ta gefen kunnena. Noti biyu kacal! Har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci.

Wurin ɓullowar nan shi ne masifar. Ƙarfen da ya rage ya yi siriri, sai bakin ya daina yanka, ya shige kamar sukurun, ya jawo aikin sama. Don haka nake sassauta dannawa da zarar na ji ƙarar ta sauya, kuma nake shimfiɗa guntun katako a ƙasa. Babban baki kuwa gudu kaɗan yake so, a sauya bel a rage.

Yanzu kafin in kunna sai na girgiza bais da hannu biyu. Idan ya motsa ko kaɗan, sifana tukuna. Dogon ƙarfe ina jingina jelarsa da ginshiƙin injin ta hagu, tunda bakin hujin juyin dama yake yi, in ƙarfen ya ƙwace can zai tsaya. Maɗauri ɗaya ba ya isa ga faranti, zai juya a kansa, biyu nake sawa. Bututu sai a cikin katako mai tsagi.

Safar hannu kuma na hana kowa sawa a wajen wannan injin, don in bakin ya kama ta, da yatsun zai tafi. Yaron yana nan, shi ke ɗaure notikan kullum da safe, ni kuma in bi in duba.