Aikin da Ka Yi da Bazara, Hunturu ne Zai Duba Shi

A watan Yuli na kafa na'urar ɗumama gida da ake kira famfon zafi, rana na dukan ƙeyata, riga ta jiƙe da gumi. A watan Janairu, wajen ƙarfe biyun dare, wayata ta yi ƙara. Dattijuwar da na yi wa aikin ce, muryarta na rawa. Ta ce, "Ɗana, ka yi haƙuri na tashe ka. Gidan ya yi sanyi, kuma ina jin wani ƙara a waje kamar ana dukan ƙarfe."

Da na isa na haska tocila, sai gabana ya faɗi. Injin waje, wato ɓangaren na'urar da ake ajiyewa a wajen gida, yana zaune a kan daɓen siminti, daidai da ƙasa, a ƙarƙashin bakin rufi, inda ni da hannuna na ajiye shi saboda wurin ya fi kusa da bututu. Ƙanƙara ta cika gindinsa ta hau sama har ta kama fanka, fiffike ɗaya ya karye, siraran fikafikan alminiyam na ƙasa sun lanƙwashe. A cikin gida na iske baiwar Allah a naɗe cikin barguna biyu, ma'aunin bango, wanda ake saita zafin gida da shi, na nuna digiri 11 na Salshiyas. Ba ta yi mini faɗa ba. Sannu ma ta yi mini da fitowa cikin dare, wannan sannun kuwa har yau ina jin nauyinta.

Ƙannena masu shigowa wannan sana'a, don ku na zauna rubuta wannan. Da gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki na buɗe ido, don haka lokacin da na fara aikin famfon zafi a ƙasa mai tsananin sanyi na ɗauka babu sabon abin da za a koya mini. Ta wani gefen ina da gaskiya, domin kayan cikinsu ɗaya ne: kwamfaresa, gas, bututun jan ƙarfe, fanka. Firji yana kwashe zafin cikinsa ya zubar ta baya. Famfon zafi yana kwaso zafi daga iskar waje ya kawo cikin gida, in bazara ta zo wani bawul mai hanya huɗu ya juya tafiyar gas, ya koma kwashe zafin gida yana fitarwa. Mutane kan yi mamakin inda ake samun zafi a iskar da ta daskarar da ruwa. Amsar tana cikin gas ɗin: irin da ake kira R32 yana tafasa a wajen digiri 52 ƙasa da sifili, R290 kuma a wajen 42 ƙasa da sifili, saboda haka iskar da ke fasa mana leɓe tana da ɗumi a wurinsa. Dabarar ma tsohuwa ce. Masanin kimiyya William Thomson, wanda aka fi sani da Lord Kelvin, ya bayyana ta tun 1852, kuma a 1938 aka kafa wani a zauren majalisar birnin Zurik da ke Suwizalan, yana jan zafi daga ruwan kogi. Yau a Nowe kusan gida shida cikin goma da shi suke ɗumama, Suwidin da Finlan na biye da ita. Duk wanda ya ce muku na'urar ba ta aiki a sanyi, ku nuna masa waɗannan ƙasashe. In ta gaza, a mafi yawan abin da idona ya gani, hannun wanda ya kafa ta ne.

Abin da ban yi lissafinsa ba a gidan dattijuwar shi ne ruwa. Lokacin da injin waje ke jan zafi, siraran fikafikansa na alminiyam sun fi iskar da ke ratsa su sanyi, sai danshin iska ya kwanta a kansu ya daskare. Abin ya fi tsanani a ranakun hazo da yanayi ke kai-komo kusa da sifili, ya fi ma na ranakun tsananin sanyi, domin a lokacin ne iska ke ɗauke da danshi mai yawa. Idan ƙanƙarar ta taru, na'urar takan juya aikinta na 'yan mintoci, ta tura gas mai zafi waje ta narkar da ita. Ruwan nan dole ya samu wurin zuwa, kuma a rana ɗaya yakan kai lita da yawa. Ni ban ba shi hanya ba. Ya zubo kan siminti ya daskare, na gaba ya hau kansa, rufi kuma yana ɗigo masa ƙari daga sama, har tudu ya kai fanka. Da na ɗaga injin a kan ƙafafun ƙarfe sama da inda dusar ƙanƙara ke kaiwa a yankin, na zuba tsakuwa a ƙasa don ruwa ya nutse, na matsar da shi daga bakin rufi, da aikin rabin yini ya raba ni da wannan dare. Tun ran gini, ran zane. Kafin ku sauke injin daga mota, ku tambayi mai gida inda dusa ke taruwa in iska ta kaɗo ta, ku ɗaga kai ku dubi abin da zai faɗo daga sama, ku kuma tabbata ruwan ba zai gangara kan hanyar da mutane ke takawa ba.

Bayan wannan sai tsoro ya shige ni, tsoron kuma ya jefa ni cikin kuskuren da ya fi na farko daɗewa, wanda na maimaita a gidaje da dama kafin in gane. Na ce ba za a sake kirana a ce gida ya yi sanyi ba, sai na koma sa babbar na'ura a ko'ina. In tsohuwar tukunyar gas ta gidan, wato injin da ke ƙona gas ya zafafa ruwan ɗumama gida, mai kilowat 24 ce, sai in nemi famfon zafi mafi girma da mai gida zai iya saya. Ban tsaya na tuna cewa ita tukunyar an yi mata wannan girma ne don ta ba da ruwan wanka mai zafi nan take ba, gidan kansa bai taɓa buƙatar ko rabinsa ba.

Wani magidanci ne ya buɗe mini ido. Ya kira ni a watan Oktoba ya ce na'urarsa tana tashi tana mutuwa kamar mai shaƙuwa. Na ɗauko kujera na zauna kusa da ita da agogo a hannu. Minti shida tana aiki, ta tsaya, bayan minti goma ta sake tashi. Na sa masa mai kilowat 14. Da muka zo muka auna gidan yadda ya kamata, ko a daren da ya fi kowane sanyi kilowat 7 yake buƙata, a rana irin ta Oktoba kuwa bai wuce 2 ba. Kwamfaresa mai inbata tana iya rage gudu, amma tana da iyakar da ba ta iya sauka ƙasa da ita. In iyakar ta fi abin da gida ke nema, sai ta yi ta kunnawa da kashewa, wuta na tafiya a banza, ƙarfe na cin kansa. Da bazara matsalar takan canza kama: na'urar ta sanyaya ɗaki cikin sauri ta tsaya tun ba ta zuƙe danshi ba, mutum ya zauna a ɗaki mai sanyi jikinsa na danƙo.

Maganin wannan shi ne awo, kuma babu gajeriyar hanya. Ɗaki-ɗaki za ku bi da tef da littafi: faɗin bango da abin da aka gina shi da shi, girman taga da ko gilashinta ɗaya ne ko biyu, kaurin abin da aka shimfiɗa a saman silin don tare zafi, kafofin da iska ke shigowa. Sannan ku nemi adadin sanyin da aka ƙayyade wa yankin don lissafi. A Amurka tsarin lissafin sunansa Manual J, a Turai EN 12831. Yakan ci sa'o'i biyu ko uku, kuma babu mai ganin wahalar da kuka sha, shi ya sa da yawanmu ke tsallake shi. Ni na tsallake shi shekaru. Kada kuma ku dogara da lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin kwali, domin galibi an auna ta ne iskar waje tana digiri 7 sama da sifili. Ku buɗe littafin kamfani ku ga abin da na'urar ke bayarwa a 15 ƙasa da sifili. Waɗanda aka ƙera don ƙasashen sanyi suna ci gaba da aiki har 25 ƙasa da sifili, wasu kuwa tun kafin nan ƙarfinsu ya zube.

Awon nan wani lokaci yakan sa ka faɗa wa mai gida abin da zai rage maka ciniki. Akwai gidan da in ka sa hannu a gefen taga za ka ji iska na hura maka yatsu, saman silinsa kuma fayau. Ɗumama irin wannan gida ɗiban ruwa ne da kwando. Ku gaya masa ya fara toshe kafofi ya rufe saman silin, sannan ku dawo ku sa masa ƙaramar na'ura. Na san da zafi mutum ya mayar da kuɗin da ya zo hannunsa, musamman yana sabon shiga, amma na gwada ɗaya hanyar, ban ga alherinta ba.

A gidajen da ake ɗumamawa da ruwa mai zagaya radiyeta, wato farantan ƙarfe da ake kafawa a bangon ɗaki su fitar da zafi, akwai wani lissafi da na daɗe ban ba shi haƙƙinsa ba. Ribar famfon zafi ita ce da ma'aunin wuta ɗaya yakan kawo zafi ninki uku ko huɗu, amma ribar tana raguwa gwargwadon yadda ka tilasta masa ya zafafa ruwa. Tukunyar gas takan tura ruwa mai digiri 70. Famfon zafi ya fi sakewa tsakanin 35 da 45. Radiyetar da aka yi wa ruwan digiri 70, in ka ba ta na 45, zafin da za ta fitar bai kai rabin na da ba. Ni abin da na riƙa yi shi ne in murɗa zafin ruwa sama in tafi abina, gida ya yi ɗumi, mai gida ya yi godiya, sai takardar kuɗin wuta ta zo ya ce an cuce shi. Kuma da gaskiyarsa. Abin da ya dace shi ne a sauya radiyetar ɗakunan da ta yi wa kaɗan da manya, a saita na'urar ta riƙa bin yanayin waje, sanyi ya ƙaru ta ƙara zafin ruwa, ya ragu ta rage. Saitin nan ba ya zama a rana ɗaya, sai an koma an gyara shi cikin hunturun farko.

Kan bututu da gas ba zan tsawaita ba, kun ji shi daga bakin iyayen gidanku. Sau ɗaya na ɗaure noti da ƙarfin hannu ba tare da sifana mai awo ba, na kuma katse injin zuƙe iska da wuri saboda magariba ta gabato. Gas ya yi ta yoyo a hankali har tsakiyar hunturu. Ku gwada bututu da naitirojin, ku zuƙe iska har gejin da ke auna iskar da ta rage a bututu ya sauka zuwa maikiron 500 ya tsaya a nan. In R290 kuke aiki da shi, ku tuna yana kama wuta kuma ya fi iska nauyi, don haka a nisanta injin daga taga, ƙofa da bakin magudana kamar yadda littafinsa ya tsara. In kuma na'urar irin wadda ruwa ke fita har waje ce, ku tanadar mata abin da zai hana ruwan daskarewa ranar da aka ɗauke wuta.

Saura abin da na fi raina wa a da, wato zama da mai gida. Nakan gama aiki in miƙa littafi in kama hanya. Mutumin da ya shekara talatin da tukunyar gas ya saba kashe ta in zai fita, ya dawo ya kunna, cikin minti ashirin gida ya ɗauki zafi. In ya yi wa famfon zafi haka, na'urar za ta ga tazara mai yawa ta kira hitar lantarki da ke cikinta don ta taimaka, ita kuwa hitar ma'auni ɗaya take ci ta ba da ɗaya, babu riba ko kaɗan. Na taɓa iske gidan da hitar nan ce ta ɗauki kusan dukan nauyin hunturu, saboda ban duba saitinta ba kuma ban yi wa kowa bayani ba. Yanzu sai na zauna da mutanen gida, har da wanda zai fi taɓa ma'aunin. In ce musu su bar shi a wuri ɗaya ya yi ta aiki a hankali dare da rana. In ce radiyeta za ta yi ɗumi-ɗumi ne kawai, ba za ta ƙona hannu ba, kuma haka ake so. In nuna musu matatar iska da yadda ake wanke ta, in roƙe su su riƙa share dusa daga gaban injin da bayansa. In kuma gaya musu cewa ranar da suka ga fanka ta tsaya, farin tururi na tashi, kada su firgita, ƙanƙara ce ake narkarwa.

Gidan dattijuwar na gyara shi da kuɗina cikin makon nan: sabuwar fanka, ƙafafun ƙarfe, tsakuwa, na matsar da injin zuwa bangon da rufi ba ya ɗiga. Tun daga shekarar na buɗe littafi ina rubuta kowane gida da na yi wa aiki, kuma makon da sanyi ya fara sauka ƙasa da sifili sai in bi su ɗaya bayan ɗaya tun kafin su neme ni. Hunturun da ya biyo baya na je wurinta da sassafe, muka tsaya a bakin taga muna jira. Can sai fanka ta tsaya, tururi ya tashi, ruwa ya zubo ya nutse cikin tsakuwa. Bayan 'yan mintoci fanka ta sake juyawa. Na dubi ma'aunin bango, yana kan 21.