Daƙiƙa goma sha tara da na kasa mantawa

Shekara shida na yi ina yanka bidiyon wasannin ƙwallon ƙafar Amurka (American football) da rubuta katin atisaye a wata ƙaramar kwaleji a jihar Ohio, kafin a miƙa min ragamar tsaron ƙungiya. Ranar da aka ba ni, sai da na yi sujadar godiya. Wasanni takwas na farko sun tafi lafiya lau. Na tara ne har yau yake hana ni barci.

Muna gaba da maki huɗu, saura daƙiƙa 19, abokan karawa suna tsakiyar fili, kuma sun cinye damarsu ta tsayar da agogo. Ko ɗan koyo ya san abin yi: ka mayar da mutum bakwai ko takwas baya, abokan karawa su kama ƙwallo a gabanka, ka kayar da su a cikin fili, lokaci ya ƙare. Ni kuwa na tura mutum bakwai kan kwatabak, wato mai jefa musu ƙwallo, ban bar kowa a can baya ba. Tun ina matashi hankalina ke kan tsarin tsaro mai yawan kai farmaki da ake kira 46, na koci Buddy Ryan, wanda Chicago Bears ta rikita kowa da shi a kakar 1985. Abin da na ƙi tunawa shi ne Ryan yana da gwanayen 'yan wasa irin su Mike Singletary da Richard Dent da Dan Hampton. Ni wa nake da shi a gefen hagu? Yaro ɗan shekara 18, wasansa na uku ke nan, ya shigo ne don na gabansa ya gurɗe a idon sawu.

Mai karɓar ƙwallonsu ya yi kamar zai tsaya, yaron ya taso masa, shi kuma ya wuce fit. Ina sama a ɗakin kallo da abin magana a kunne, na ga ƙarshen wasan tun ƙwallo tana iska.

Abin da ya fi ci min rai, na san labarin Gregg Williams sarai. A Disambar 2020, yana kocin tsaron New York Jets, ya yi irin wannan kiran, Derek Carr na Raiders ya jefa wa Henry Ruggs ƙwallon yadi 46, Raiders ta ci 31-28, washegari aka sallame shi. Ni da kaina na nuna wa 'yan wasana bidiyon.

A ɗakin sauya kaya na tarar da yaron zaune, bai ko cire hular kwanonsa ba, yana ta cewa, “Koci, ka yafe min.” Na durƙusa gabansa na ce laifina ne, na sake faɗa a gaban kowa. Tun daga ranar, kafin in kira farmaki, nakan duba wanda zan bari shi kaɗai, in ambaci sunansa a zuciyata. In na ji ɗar, sai in fasa. Yaron ya kammala karatu bara, ya aiko min da hotonsa sanye da rigar yaye.