Abin da ɗakin biyolin ya koya mini

Ranar Juma'a na miƙa makullin ɗakin da na shekara 6 ina koyar da biyolin a ciki, gogen Turawa in ji maigadinmu. Waɗanda muka yi aiki tare sun san ɗakin, sun kuma san allon da Madam, shugabar makarantar kiɗan, ke liƙa sunayen waɗanda suka ci jarrabawa.

Allon nan ne ya kai ni ga kuskuren da har yau yake ci mini rai. An kawo mini wata yarinya 'yar shekara 7, ban taɓa koyar da mai kunne irin nata ba. In na goga waƙa sau biyu, sai ta maido mini da ita ba ta ko kalli takarda ba. Madam ta ce a shirya ta jarrabawar mataki na 2 cikin wata 4, wai iyaye takardar shaida suke biya wa kuɗi. Na san lokaci bai yi ba, amma na yi shiru. Na hana ta kiɗa da ka, na ɗaure ta a kan karatun alamomi. Na kuma ƙyale ta da biyolin mai rabin girma da babanta ya sayo, alhali na kwata ne daidai hannunta. Kafaɗarta tana ɗagewa, yatsunta suna sandarewa, ni kuwa ba abin da nake cewa sai "sake".

Ta ci jarrabawar. Bayan sati 2 mahaifiyarta ta kira ni: "Malam, ka yi haƙuri, ko akwatin ba ta son gani." Da na kai maganar ofis, a gaban kowa Madam ta ce ni ne ban iya riƙon ɗalibi ba. Sunan yarinyar kuwa ya shekara a allon.

Abin da ya fi ƙona ni, na san hanyar. Shinichi Suzuki, malamin nan na Japan da ya rasu a 1998, a kan abu guda ya gina koyarwarsa a Matsumoto: yaro ya koyi kiɗa yadda ya koyi harshen uwa, ya ji, ya kwaikwaya, ya maimaita, karatu ya biyo baya. Mu ma ai da ka muka riƙe Fatiha kafin mu san babbaƙu, kuma yaron mai goge yakan daɗe yana shafa ƙaro a tsagiya yana sauraron ubangidansa.

Tun daga nan ba na shigar da yaro jarrabawa sai na ji yana kiɗa a gida ba wanda ya sa shi. Ina auna hannu kafin a sayi biyolin. Manya kuwa kunya ce ciwonsu, don haka nakan rufe ƙofa in gaya musu dalilin kowane motsi. Gwajin minti 15 kullum ya fi na awa 2 ranar Asabar amfani.

Sunayen ɗalibaina sun ragu a allon, an kuma sha yi mini gori a kai. A cikin 11 da na bari, 9 sun haura shekara 3 suna zuwa.