Godiya ga Waɗanda Suka Tsaya Mana a Tafiyar Keke Daga Mile 12 Zuwa Ijebu-Ode

Assalamu alaikum 'yan uwa. Alhamdu lillahi, mun je mun dawo. Ƙaninmu da ya faɗi a hanyar Ijebu-Ode an sallame shi daga asibiti, yana gida wajen mahaifiyarsa, yana ci yana sha, har ya fara tambayar ina kekensa. Wayoyi sun yi yawa tun daren Lahadi, wasu ma daga Kano da Zariya, ban iya amsa kowa ba. Shi ya sa abokan hawana suka ce in rubuta wannan a madadinmu duka, kowa ya ji yadda aka yi, kowa kuma ya karɓi godiyarsa.

Zan fara da Alhaji, ubangidanmu na layin 'yan albasa a kasuwar Mile 12 ta Legas. Da muka je masa da maganar, sai da ya yi dariya ya ce mutum da gemunsa zai bar mota ya taka keke zuwa wata jiha, me aka yi masa? Amma washegari ya aiko da makullin a-kori-kurarsa, tanki cike, da direba. Wannan motar ce ta biyo mu a baya da ruwa da kayan gyara, ita ce kuma daga baya ta zama motar ɗaukar mara lafiya. Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, ya jiƙan magabata. Direban ma a gaishe shi, don tuƙa mota a hankali a bayan masu keke yini guda, ana danna maka ham ta ko'ina, haƙuri ne da ba kowa ke da shi ba.

Mun tashi ranar Asabar bayan sallar asuba, muka haye gadar Majidun gari bai gama wayewa ba. Duk mai son bin wannan hanya ya riƙe wannan: idan rana ta fito maka kafin ka wuce garejin Ikorodu, danfo da 'yan acaɓa za su raba ka da nishaɗin tafiyar. Daga Itamaga zuwa Imota, inda aka buɗe babbar masana'antar shinkafar jihar Legas a 2023, gidaje ke raguwa, gonakin rogo da itatuwan kwakwar manja su karɓe gefen titi. Abin tsoro a nan shi ne tifofin yashi da tireloli, don haka muka jeru ɗaya bayan ɗaya, na gaba yana nuna rami da hannu, na baya yana kiran mota. A Agbowa tayoyi biyu suka yi faci kusan lokaci guda, famfonmu kuma ya ƙi. Wani mai faci a bakin titi, wanda aikinsa tayar mota ce, ya ajiye abin da yake yi ya zauna da mu har ya haɗa wa bakin injinsa dabarar da za ta shiga siririyar tayar keken tsere. Ya ƙi karɓar ko sisi. Oga, mun gode.

Bayan Itoikin ƙasa ta fara hawa da sauka, kuma a nan ne aka gane wanda ya yi atisaye da wanda ya yi ta cika baki a WhatsApp. Ba tsaunuka ba ne, tuddai ne masu bin juna: ka gangara iska na kaɗa ka, kafin ka gama murna wani hawan ya tare ka, ka sauke giya ka tashi tsaye a kan feda. Wanda ya saba da shimfiɗaɗɗen titin Legas zai ji a cinyarsa. Ni dai a ganina wannan yankin ne mafi daɗin hawa a duk tafiyar, har zuwa inda tafki ya bayyana a ƙasan garin Epe da kwale-kwalen masunta.

A Epe 'yan uwanmu Hausawa mazauna garin suka sauke mu. Sun ba mu ɗaki da tabarmi da ruwan wanka, aka kawo kifi daga kasuwar Oluwo, aka yi mana farfesun da har yanzu ake zancensa. Bayan la'asar wani dattijo Bayarabe da muka haɗu da shi a masallaci ya ja mu zuwa bakin ruwa da ƙafarsa, duk da sandar da yake dogarawa. Shi ya ba mu labarin Kosoko, sarkin Ikko da jiragen yaƙin Ingila suka kora a ƙarshen 1851, ya zo nan da jama'arsa ya zauna har 1862 kafin ya koma. Da yawa daga cikin mutanensa Musulmi ne kuma ba su koma ba, zuriyarsu ce ke bikin Kayo-Kayo duk farkon Muharram. Babban jarumin Kosoko, Oshodi Tapa, Banufe ne, abin da ya sa wani ɗan Bida da ke cikinmu ya ƙi barin kowa ya huta a daren nan. Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ranar Lahadi muka kama hanyar Ijebu-Ode, muka tsaya a Eredo don ganin abin da ya fito da mu tun farko. Ganuwa ce ta ƙasa da ƙaton gwalalo a gindinta, wadda ta zagaye tsohuwar ƙasar Ijebu, tsawonta kusan kilomita 160, a wasu wuraren daga ƙasan ramin zuwa saman ganuwar ya kai mita 20. An haƙa ta da hannu shekaru aru-aru kafin zuwan Turawa, kuma tun 1995 tana cikin jerin wuraren da Nijeriya ta miƙa wa UNESCO. Mu da muka taso muna wasa a kan badalar Kano mun ɗauka mun san ganuwa. Wannan kurmi ya rufe ta, za ka iya wucewa ta gefenta a mota sau ɗari ba ka san tana nan ba. Wani saurayi ɗan garin ne ya shige gaba da adda yana sare mana hanya, muka sauka cikin ramin, bango ja a miƙe dama da hagu, gansakuka ta lulluɓe shi, sanyi kamar an shiga rijiya. Ya tsare mana kekuna ta hannun ƙannensa, babu abin da ya ɓata. Mun gode, ɗan uwa.

Malamin makarantar da ke cikinmu ya tsayar da mu a Mojoda ya faɗi abin da yawancinmu ba mu sani ba. A watan Mayun 1892, zamanin Gwamna Carter, wanda gadar Carter ta Legas ke ɗauke da sunansa, rundunar Ingila ta sauka a Epe ta bi wannan yanki zuwa Ijebu-Ode don a buɗe hanyar ciniki da ƙarfi. An gwabza a Pobo da Mojoda, sannan babban yaƙin ya kasance a Imagbon, bakin kogin Yemoji, inda bindiga mai ruwa ta karya mayaƙan Ijebu. Kuma a cikin waɗanda suka riƙe wa Bature bindiga akwai sojojin da ake kira Hausawa, irin rundunar da wani jami'in Ingila mai suna Glover ya fara tarawa a Legas a 1863. Mun yi shiru, muka ci gaba da taka keke. Malam, mun gode da karatun, ko da bai yi daɗin ji ba.

Gaba kaɗan abin ya faru. A wata gangara mai kwana, ruwan sama ya taro yashi a kan kwalta, ƙaninmu ya matse burkin gaba, keke ya watsar da shi. Kafin motarmu ta iso, wata mata mai soya garin rogo a bakin hanya ta riga kowa zuwa. Ba ta jin Hausa, Turancinta kaɗan ne, mu kuma Yarbancinmu na ciniki ne. Ta kwance ɗankwalinta ta rataye masa hannu a wuya, ta hana mu ja masa kafaɗa, ta sa ɗanta ya tsaya a saman gangarar da ganye yana tsayar da motoci. Wani ɗan acaɓa ya sauke fasinjansa ya shige gaban motarmu har ƙofar asibiti a Ijebu-Ode, ya juya ya tafi kafin mu tambayi sunansa. Mama, ba mu da abin biyanki. Allah ya raya miki zuriya, ya sa ki gama da duniya lafiya.

Hoto ya nuna ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa ne ya karye, sai ƙujewa a gwiwa da ƙugu. Hular kwanonsa ta tsage gida biyu, likita ya juya ta a hannu ya ce a ajiye a riƙa nuna wa mutane. Masu yi mana tsiya cewa muna sa kwano a ka kamar 'yan sama jannati, ga amsarku. Muna godiya ga likitan da ma'aikatan jinya da suka karɓe shi ranar Lahadi ba tare da jan rai ba, da 'yan uwa na unguwar Hausawa ta Ijebu-Ode da labari ya kai musu, suka zo da abinci da bargo, ɗayansu ya kwana a asibitin tare da ni. Su ne ma suka matsa wa sauran su ƙarasa Oke-Eiri, inda kabarin Bilikisu Sungbo yake, attajirar da ake danganta ganuwar da ita. Mutanen wurin sun yi imani ita ce Bilkisun Annabi Sulaiman, kodayake shekarun ganuwar ba su kai can ba ko kusa. Sun kuma gayyace mu Ojude Oba, hawan dawakin da ake yi wa Awujale, sarkin Ijebu, kwana uku bayan Babbar Sallah.

Sauran godiya ta gida ce: matanmu da iyayenmu da suka bar mu muka tafi ransu bai so ba, makanikinmu na Agege da ya duba kowane burki da sarƙa kafin tafiya, da duk wanda ya tura gudummawar kuɗin magani. Abin da aka tara ya isa har ya yi saura, don Allah a dakata da turawa. Mun yanke shawarar kai ragowar ga Mama mai gari, tare da sabon ɗankwali da turmin atamfa, ranar Asabar mai zuwa in sha Allahu. Da mota za mu je, akwai wurin mutum uku, mai so ya yi mini magana kafin Juma'a. Masu zuwa dubiya kuma a bari sai bayan la'asar, mahaifiyarsa ta ce yana samun barci da rana. Allah ya saka wa kowa da alheri.