Godiya ga duk wanda ya zo tashin ƙaramin jirgin ƙasanmu ranar Asabar

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillahi taro ya tashi lafiya, kowa ya koma gida da yatsunsa goma, ba yaron da ya ƙone ba jirgin da ya faɗa kududdufi, sai yanzu na ɗan samu kaina na zauna in yi wannan rubutu don waya ba za ta ishe ni in bi kowa ɗaya bayan ɗaya ba. Wanda na manta ban ambata ba dan Allah ya yi haƙuri, gajiya ce wallahi ba raini ba.

Ga waɗanda ke ganin hotuna daga gida suna tambaya wai wannan wane irin wasan yara ne magidanci da furfurarsa yake yi a Ingila, bari in ɗan yi bayani kafin in shiga godiyar. Layin dogo ne ƙarami muka shimfiɗa a lambun gidanmu, kuma kan jirgin da ke bin sa ba na batir ba ne, na tururi ne na gaske, akwai tukunya akwai wuta akwai ruwa mai tafasa, fistin na aiki a cikin silinda yadda na babban jirgi yake yi. Ma'aunin da muke bi shi ne milimita 16 a madadin ƙafa ɗaya, wato jirgin gaske ya ninka shi sau 19 ke nan, tsawon kan bai fi kamu guda ba amma in ka ɗaga shi za ka san ƙarfe ka ɗauka. Masu wannan sha'awa a nan suna da ƙungiyarsu, kuma al'adarsu ce wannan ya buɗe lambunsa yau a zo da jirage a tayar, wani watan a tafi gidan wancan. Ni shekaru ina zuwa na mutane ina shan shayinsu, wannan karon ne aka ce to kai ma lokaci ya yi.

Na fara da dattijon nan Bature da nake kira Baba, wanda duk kuka gani da hular direba da hannu baƙi ƙirin da mai. Tsohon injiniya ne ya yi ritaya, kuma in ba don shi ba da babu abin da za ku zo kallo. Kan jirgin nan na hannu na saye shi, kore shar irin na tsaunukan Wales, ni kuma abin da ke raina tun farko shi ne in mayar da shi kamannin jiragen ƙaramin layin nan da ya taɓa tashi daga Zariya ya hau Jos har Bukuru yana kwaso kuza. Turawa suna ce masa Bauchi Light Railway ko da yake bai taɓa shiga garin Bauci ba, an gama shi a 1914 aka rufe a 1957, faɗinsa ƙafa 2 da inci 6 ne kawai, bai kai na babban layin Legas zuwa Kano ba mai ƙafa 3 da inci 6. Shi ya sa ma na zaɓi dogo mai faɗin milimita 45 maimakon 32 da yawancin abokaina ke amfani da shi, don na 32 ɗin layi mai ƙafa 2 yake wakilta, na 45 ya fi kusa da abin da nake nufi. Da na kai wa Baba wannan magana bai yi min dariya ba, takarda ya ɗauko muka fara zane. Shi ya yanko farantin tagulla ya lanƙwasa rufin ɗakin direba mai hawa biyu da iska ke bi ta tsakani saboda rana, shi ya ƙera ƙarfen gaba mai ture dabbobi daga kan layi, ya fafe babbar fitila a injinsa na gareji, ni dai nawa goge-goge da fenti. Fentin ma sai da ya tsaya a kaina, ya ce tagulla ba ta riƙe fenti haka kawai sai an wanke maiƙo tas an fara shafa na ƙasa mai cin ƙarfe, in ba haka ba zafin farko zai ɓare shi. Sannan aikin rimot, inda ya cusa ƙananan injina biyu masu aiki da batir a ɗakin direban da ko yatsu uku ba sa shiga, ɗaya na buɗe tururi ɗaya na juya gaba da baya, ya ɓoye batir a inda ake zuba kwal. Sisi bai karɓa ba. Na yi na yi ya ƙi, sai cewa ya yi a dinga aiko masa da dambun nama. Baba, Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Kuma shi ne dai ya fitar da ni kunya ranar. Waɗanda suka zo da wuri sun ga abin da ya faru, na cika tukunya da ruwa na zuƙe kaɗan da sirinji don tururi ya samu wurin taruwa, na zuba man tururi mai kaurin nan, na ɗura gas, mutane sun kewaye ni wayoyi a sama, na kai ashana bakin bututun hayaƙi na buɗe gas, wutar ta kama ta koma ciki ta yi fuf ta mutu. Na sake, haka. Zufa ta fara keto min ga sanyi ana yi. Wani bawan Allah cikin 'yan kallo har ya miƙo min allura wai in tsokane ramin da gas ke fita, Baba ya riƙe min hannu ya ce kul, ramin nan siriri ne ƙwarai, ka sa allura ka buɗa shi to ka gama da shi. Ya zaro 'yar sifana daga aljihun riga ya kwance ɗan ƙarfen da ramin gas ɗin yake jikinsa, ya ɗaga shi sama yana leƙawa ta hasken rana, ya kafa bakin gwangwanin gas ta baya ya fesa, ya mayar ya ɗaure. Ashana ɗaya wuta ta zauna tana gurnani. Muka tsaya muna kallon allurar geji tana hawa a hankali har ta kai 40, bawul ɗin kariya ya yi tsaki ya fesa tururi sama yara suka watse da ihu, na tura rimot jirgi ya fara tofar da ruwan zafi da mai ta bututu don silinda da sanyi, ya yi tari ya yi tari sannan ya miƙe da taragunsa. Ban san lokacin da na ce Allahu akbar da ƙarfi ba.

Sai maƙwabtana na dama da hagu. Mutane da yawa ba su san cewa saura ƙiris a fasa taron nan ba, iskar da aka yi makon da ya wuce ta kayar da shingen katako ya faɗo kan gadar da ke kwanar ƙarshe ya karya ta, dogo ya lanƙwashe, tsakuwar da na shimfiɗa duk ruwa ya wanke. Na fito da safe na gani na koma ciki na ce wa uwargida a sanar da mutane an ɗage. Kafin in gama shan shayi maƙwabcina ya ƙwanƙwasa da zarto da guduma, ɗansa na biye da baro. Ɗaya maƙwabciyar kuma, tsohuwa mai karen nan, ita ta ce a ajiye motoci a ƙofar gidanta, ta kuma kulle karen ranar gaba ɗaya saboda ta san wasu cikin mutanenmu ba sa so. Na gode ƙwarai.

'Yan ƙungiya da suka zo da jiragensu, wasu tun daga wajen Doncaster, na gode. Mun ga ƙirar kamfanin Roundhouse mun ga ta kamfanin Accucraft, akwai wanda ya kawo irin shuɗin nan na layin dogon Darjeeling ta Indiya, akwai masu kwaikwayon na layin dogon Ffestiniog da a da yake ɗaukar dutsen rufi a Wales. Amma wanda ya tafi da hankalin dattawanmu shi ne mai kwal. Mu namu na gas minti ashirin da wani abu ne gas ya ƙare wuta ta mutu, da gangan aka yi shi haka don gas ya riga ruwa ƙarewa kar tukunya ta ƙone, shi kuwa nasa da gawayi jiƙe da kananzir yake fara hura wuta, ya ɗora 'yar fanka mai batir a kan bututu tana jan iska har tururi ya taru, sannan ya dinga zuba kwal da shebur ɗin da bai fi cokalin shayi ba, yana leƙa wuta yana ƙara ruwa da famfo, in ya ga dama ya wuni yana zagaye. Ni a ganina wahalarsa ta yi yawa ga mai aikin sati irina, sai dai ƙanshin hayaƙin nan gaskiya gas ba zai taɓa ba ka shi ba. Kuma na yaba da yadda suka tsayar da jirage suka koma gefe da kofunansu da muka tashi yin la'asar, ba wanda ya roƙe su.

Baba Alhaji, shugaban mutanenmu na nan, na gode da ka taso duk da ciwon gwiwa. Mahaifinsa ma'aikacin reluwe ne a Zariya, ya zauna a kujera dab da tashar da na rubuta wa Bukuru bai motsa ba har aka tashi, yana ba yara labarin kwatas ɗin reluwe da yadda ake gane jirgi da kukansa tun bai shigo tasha ba. Shi ya gyara min ma cewa buhunan da ke taragu sun yi girma, wai kuza nauyi gare ta, a ƙananan buhuna ake ɗura ta. Za a rage su in sha Allah.

Buhunan kuwa Maman yara ce ta ɗinka su ɗaya bayan ɗaya da ragowar yadi, ita da 'yarmu. Ita ce dai ta haƙura na cinye mata rabin wurin da take shuka alayyafo da tumatir, ta haƙura da warin fenti a kicin lokacin sanyi, sannan ta kwana tana suyar masa ita da matan da suka zo taya ta. Hajiya, ban da bakin gode miki, Allah Ya biya ki. Masu tsire da zoɓo ku ma sannunku da aiki, Turawan nan sun sha yaji suna hawaye suna ƙari.

Samarin da suka tsaya gadin layi suna hana ƙanana kai hannu, ku ne ba a gani a hoto amma da ba ku da yanzu wani labarin ake, tukunyar nan tana ƙuna sosai ko bayan an kashe wuta. Su suka bi dogo da tsumma suna goge mai da jirage suka fara santsi a hawa, su suka tsince ganye, suka kuma kwashe kujeru.

An bar kula mai ruwan ɗorawa, da laima baƙa, da takalmin yaro ƙafar hagu, duk suna wurina mai su ya yi magana. Masu tambayar bidiyo ku ɗan ƙara haƙuri yaron da ya ɗauka yana haɗawa. Waɗanda kuma suka ce 'ya'yansu na son koyon tayar da jirgi, ku kawo su wata Lahadin in yanayi ya yi kyau, amma dan Allah a zo da babba guda, kuma kar a saka musu kaya masu kyau don man nan ba ya fita a wanki.