Abin da na koya daga 'yan hidimar ƙasa wajen koyar da kiɗa da waƙa

A jadawalin kowace ƙaramar sakandare ta gwamnati akwai darasin al'adu da fasahar ƙirƙira, wanda ya haɗa zane da wasan kwaikwayo da kiɗa da waƙa, amma duk wanda ya koyar a unguwannin bayan ganuwar Kano, irin su Kurna da Ɗorayi da Rimin Kebe, ya san cewa kason kiɗa a kan allo yake tsayawa. Malami ya rubuta sunayen kalangu da algaita da goge, yara su kwafa, a tambaye su a jarrabawa, shi ke nan. A makarantar da nake koyarwa, inda aji kan cika har wasu su zauna a ƙasa, ba mu taɓa samun malamin kiɗa na dindindin ba, kuma ɗan abin da muka gina a wannan fanni duk ta hannun masu yi wa ƙasa hidima ya zo.

Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa hukumar yi wa ƙasa hidima, wato NYSC, a 1973, bayan yaƙin basasa, domin matashin da ya gama karatu ya zauna a jihar da ba tasa ba, 'yan ƙasa su san juna. Wanda aka turo Kano yakan yi mako uku a sansanin horaswa na Kusalla da ke Ƙaraye kafin a ba shi wurin aiki, kuma da yawansu makarantu ake kai su. Ba don kiɗa ake turo mana su ba, lissafi ne ko Turanci ko kimiyya. Sai dai wasu daga cikinsu, musamman 'yan Kudu, sun taso cikin ƙungiyar mawaƙan coci ko 'yan badujalar makaranta, kuma tsarin hidimar ya ware musu rana guda a mako don aikin raya al'umma. Ta wannan ƙofa kiɗa ya shigo mana.

Tun da wuri na gane cewa yardar iyaye ta fi kayan kiɗa wuyar samu. A ƙasar Hausa kiɗa sana'a ce ta gado, kuma a idon mutane da yawa tafe yake da roƙo, ga kuma maganar addini da ba a wasa da ita a Kano. Wani dattijo ya zo makaranta da kansa bayan ya ji ɗansa yana buga tebur a gida, ya ce mini: "Malam, karatu na kawo shi ya yi, ban kawo shi ya zama maroƙi ba." Ba jayayya na yi da shi ba. Roƙonsa na yi ya zauna ya ji abin da ake koyarwa, kuma a ranar waƙe ne a kan tsabta da wanke hannu, wanda yaran suka tsara da kansu. Da zai tafi sai ya ce: "In dai wannan ne, a ci gaba, amma kada ya kai magariba." Daga nan muka mayar da shi ƙa'ida cewa duk baitin da za a rera sai malamin Hausa da na addini sun duba shi, maza da mata kowa da lokacinsa, kuma wanda gidansu ba su yarda ba, ba a tilasta masa. Ɗan hidimar da ya zo daga nesa ba zai iya wannan sulhu shi kaɗai ba, dole ɗan gari ya tsaya a gabansa.

Na kuma lura cewa waɗanda suka yi nasara su ne waɗanda ba su ɗauki yaran a matsayin marasa komai ba. Yaron da ya haddace ƙasidu a Islamiyya, ya yi tashe da azumi, ko yarinyar da ta san waƙoƙin gaɗa da tafinsu, kunnensu ya riga ya horu, abin da suka rasa kawai shi ne wanda zai nuna musu cewa wannan ma ilimi ne mai ƙa'ida. Wani Bayarabe da aka turo mana ya ga kalangu a hannun makaɗin mahautan unguwarmu, nan take ya ce irin gangar garinsu ce mai magana. Shi ya lallaɓa mutumin ya riƙa zuwa ranar aikin al'umma, yana nuna wa yara yadda ake matsa kalangu a hammata sauti ya hau, a sassauta ya sauka, shi kuma yana rubuta hawa da saukar a allo da alamomin do, re, mi. A wancan zangon malamin Hausa ya daina shan wahala wajen koyar da karin sauti. Haka kuma da aka dawo da tsohon taken ƙasa a watan Mayun 2024, 'yan ƙungiyar kiɗa ta makarantarmu ne suka fara riƙe shi daidai, suka ja sauran ɗalibai a taron safe.

Darasin da ya fi tsaya mini a rai kuwa shi ne na gajertar lokaci. Hidimar shekara guda ce, kuma idan aka cire sansani da hutun zango, abin da ya rage bai kai a raini mai busa ko mai kiɗa ba. Na ga wanda ya tara kuɗi daga alawus ɗinsa ya saya mana sarewar roba da ganguna, aka yi biki, aka ɗauki hoto, amma bayan tafiyarsa kayan suka koma sito, gara ta ci, fata ta tsage da hunturu, domin babu wanda ya san yadda ake amfani da su sai shi. A Amurka, inda aka kafa shirin hidimar ƙasa na AmeriCorps a 1993, akwai masu hidimar da ake tura wa ƙungiyoyin da ke koya wa 'ya'yan talakawa kiɗa, kuma ƙungiyar tana nan ko da mai hidimar ya tafi. Mu a nan sa'a ce ke kawo mana mai iya kiɗa, sa'a ce kuma ke hana mu shi a shekara mai zuwa.

Saboda haka yanzu, duk ɗan hidimar da ya nuna sha'awa, tun makon farko nake haɗa shi da malami ɗaya na dindindin, in kuma nemi ya zaɓi 'yan aji biyu, ba 'yan aji uku masu shirin fita ba, ya horar da su su koyar da na ƙasa da su. Dabarar ba tawa ba ce, domin shirin koyar da yara kiɗa na El Sistema da José Antonio Abreu ya fara a Venezuela a 1975 ya daɗe yana sa manyan yara su koyar da ƙanana. Muna kuma ajiye littafi guda da ake rubuta kowane waƙe da karinsa, tare da muryoyin da aka ɗauka a waya, a miƙa wa wanda ya zo daga baya.

'Yar hidimar da muke da ita bana sinadarai ta karanta, kuma ta gaya mini gaskiya cewa ba ta iya ko tafi bisa ƙa'ida ba. Na ba ta rajistar ƙungiyar da makullin sito, yaran suna jan atisayen da kansu, makaɗin mahauta kuma yana zuwa idan kasuwa ta ba shi dama. Matsalar da muke fama da ita a wannan zangon ita ce kuɗin sauya fatar ganguna biyu, kuma mun sa ta cikin abubuwan da za a tattauna a taron iyaye da malamai mai zuwa.